Tsagar da Maharazu Bai Zana Ba

In ka shiga Soron Ɗinki ka tambayi Maharazu mai zane, ba wanda zai ce bai san shi ba, sai dai kowa da irin sanin da ya yi masa. 'Yan kasuwa sun san shi da rubuta allon shago. Shi ya rubuta rabin allunan teloli da masu kemis na wannan yanki, har da na wani mai gyaran rediyo da ya dage sai an sa masa Injiniya a gaban sunansa. Matan unguwa kuwa sun san shi da mutumin nan da ke tsugunawa a bakin kwata da hantsi, yana ƙura wa bangon mutane ido kamar wanda ya yi ajiya a ciki. Rubutun allo shi ke ciyar da shi da iyalinsa. Tsugunnon bakin kwata kuwa ba ya kawo abin kirki, amma nan ransa yake.

Mahaifinsa, Malam Audu, magini ne, irin maginan ƙasa na da, masu ɗora rufin azara a shekara hamsin ana kwana a ƙarƙashinsa ba fargaba. Maharazu ya tashi yana kwaɓa ƙasa da ƙafa, yana cilla tubali sama, yana kallon yadda tsohon ke buga bango da tafin hannu ya kara kunne. Tun bai kai ko'ina ba ya san tsaga iri biyu ce. Akwai ta fata, wadda yaɓe ne kawai ya bushe ya dare, a cusa mata ƙasa a wuce. Akwai kuma wadda ke tasowa daga gindin bango ta hau a karkace, ita wannan ba a yi mata kwalliya, sauke bangon ake yi a sake ɗora shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron ya iya karanta gini sarai. Gina shi ne dai bai so. Abin da yake so shi ne ya sami gawayi ya zana gidan a jikin bangon da uban ya gama shafewa jiya, kuma ya sha duka a kan haka har ba a ƙirgawa.

A firamare wani malami ya ba shi ɗan akwatin fentin ruwa, na gwangwani, mai launuka a jere kamar alewa. Malam Audu ya juya akwatin a hannunsa, ya shinshina, ya ga dai abin ba zai bar ɗansa ba, sai ya kafa sharaɗi ɗaya.

"Ban da mai rai," in ji shi. "Ko ƙadangare ban yarda ba. Ka zana gini. Gini ba wanda zai ce ka busa masa rai ran gobe ƙiyama."

Maharazu ya riƙe wannan sharaɗi har bayan ran tsohon. Shi ya sa duk lungunan da ya zana ba kowa a cikinsu, ba mai talla, ba akuya, ba tsoho a kan dakali. Takarda mai kauri kuwa tana da tsada, sai ya riƙa yanka falle ɗaya gunduwa-gunduwa, kowane bai wuce tafin hannu ba. Abin da talauci ya fara, sabo ya ƙarasa: ko da ya zo yana iya sayen babbar takarda, hannunsa ya ƙi. Yakan aske buroshi da reza har ya rage 'yan gashi, ya zuba ruwa a murfin kwalba, ya zauna ya fitar da lungu guda da zankayensa da indararonsa a wurin da bai fi katin gayyatar biki ba. Wani mai kayan fata a kasuwar Kurmi yana jera masa su, baƙi masu yawon buɗe ido suna saya jefi-jefi.

Amma yana da wani hali a aikinsa, kuma halin nan shi ne tushen labarin. Maharazu ba ya zana gari yadda yake, gyara shi yake yi. Wayar lantarki da ta ratsa lungu, ba ya ganinta. Facin siminti a jikin jan bango, ya shafe. Inda aka cire zanko aka kafa kwano, sai ya mayar da zankon. Kwata ma a zanensa ba ta da wannan baƙin ruwan. In aka yi masa tsiya, aka ce wannan ai ba Soron Ɗinki ba ce, Aljanna ce, sai ya yi murmushi ya ce shi abin da maginin ya nufa yake zanawa, ba abin da magada suka yi da shi ba. Magana ce mai daɗin ji, kuma shekara da shekaru ba ta cuci kowa ba.

Duk cikin gine-ginen birni babu wanda ya shiga ransa kamar benen Hajiya Mabruka, can ƙarshen lungunsu. Kakannin mijinta Larabawan Turabulus ne da suka zo fatauci tun zamanin raƙuma, suka zauna, suka yi aure a gari, har Larabcin ya gudu ya bar musu sunaye da hasken fata. Benen na ƙasa ne tun daga tushe har sama, da zanko a kowace kusurwa, da 'yan tagogi ƙanana, fuskarsa kuma an yi mata adon dagi da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Da la'asar in rana ta doke shi yakan yi wani ja da Maharazu ya ce bai taɓa haɗa irinsa daidai ba. Shi kaɗai ne ginin ƙasa da ya rage a lungun. Sauran duk an rushe an yi na bulo, masu zafi da rana, masu ƙara da damina. Malam Audu ne ke yi masa yaɓe duk shekara lokacin yana raye, daga baya kuwa sai wanda aka samu.

Ita Hajiya Mabruka tsohuwa ce mai kaifin baki, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana yin alkaki na biki ana zuwa saye har daga waje. 'Ya'yanta biyu suka rayu. Nusaiba tana aure a Gwammaja. Abdulrahman, abokin Maharazu tun suna zuwa makarantar allo tare, yana Jidda yana aiki a shagon wani mai sayar da yadi, ya kwana biyu bai zo gida ba.

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki, wato alif ɗari tara da casa'in da tara, Maharazu bai taɓa ganin aiki irin na lokacin ba. Kowa ɗan takara ne. Wanda jiya yake sayar da kalanzir yau yana son a rubuta masa kyalle mai faɗin titi, a sa masa Mai Ceton Talaka. Fastocin 'yan takara suka rufe bangon birni har ba ka gane launin ƙasar. Cikin wannan hada-hada aka aiko daga gidan Alhaji Ashafa, wanda shi kaɗai ke da waya a lungun, cewa ana kiransa daga Saudiyya.

Abdulrahman ne. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da 'yar tsokana a kan wa zai ci zaɓe, sai ya shiga maganar da ta sa ya kira.

"Mutumina, wallahi mata sun sa ni a tsakiya. Nusaiba ta ce benen nan ya tsage, faɗuwa zai yi. Hajiya ta ce ƙarya ne, garau yake, Nusaiba ce ke son ta kwashe ta zuwa Gwammaja. Ni na ɗan tara abin da na tara. In da gaske ya lalace, kafin damina in turo a sauke shi gaba ɗaya, a yi faundeshan, a yi na bulo kowa ya huta. In kuma lafiya yake, a bar wa tsohuwa kayanta. Kai ɗan magini ne, kai ne idona. Ka duba min, ka zana min shi yadda yake. Alhaji Ashafa zai zo aikin Hajji, ka ba shi ya taho min da shi."

Maharazu ya ce to. Amma kalma ɗaya ce ta tsaya masa a kunne har ya fito daga gidan, ita ce a sauke shi.

Washegari da hantsi ya zagaya bayan benen, ta gabas, inda ruwan Kano ke dukan gini. Bai sha wahalar nema ba. Tsagar ta taso daga gindin bango, daidai inda kwata ke lasar ginin, ta hau a karkace, ta bi ta ƙarƙashin taga ta nufi bakin indararo. Ya zura yatsunsa suka shige, ya ji sanyin laima a ciki. Ya buga bangon da tafin hannu yadda ubansa ke yi, bangon ya amsa masa kamar ƙwarya. Ya yi sallama ya shiga gidan, ya hau sama, ya danna farce a jikin azara, sai ga garin gara yana zubowa. Ba sai an kira kowa ba. Ya san irin tsagar, ya kuma san ɗakin da ke ƙarƙashinta, nan Hajiya ke kwana, nan take sallah.

Da ya sauko ya tarar da ita a tsakar gida tana murza alkaki, ta kalle shi ta ƙasan ido.

"Ɗan Audu, yau kuma leƙen asiri aka aiko ka?"

"A'a Hajiya, gaisuwa ce kawai."

"Gaisuwa da ƙwanƙwasa bango? Ubanka ma da ya san aikin, sai ya ci alkakina yake ƙwanƙwasawa. Zauna."

Ya durƙusa a gefe. Ta tura masa faranti, ta ci gaba da aikinta ba ta kallonsa.

"A ɗakin nan aka kawo ni amarya. A nan na haife su duka, da waɗanda suka tsaya da waɗanda suka koma. A nan aka yi wa ubansu wanka. Yanzu yaro ya ga riyal, so yake ya zuba ni a akwatin siminti in gasu kamar gurasa. Tsagar nan ta girmi Nusaiba, me ta yi wa wa? Ka rufa min asiri, Maharazu, Allah ya rufa naka."

Tsagar ba ta girmi Nusaiba ba. Bakinta sabo ne, ƙasar cikinta ba ta ko canja launi ba, kuma ya sani. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Hajiya," ya ci alkaki ɗaya, ya fita.

Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa tsohuwa ce ta roƙe shi, kuma wa zai iya kallon idon uwa ya ce a'a? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. To, amma ni ban yarda a raba laifin nan biyu ba, shi ma a can ƙasan ransa bai taɓa yarda ba. Tun kafin ya yi sallama a gidan ya riga ya yanke abin da zai yi. Tun a gidan Alhaji Ashafa ya hango lungun ba benen, ya hango bulo da kwano da jerin shaguna a ƙasa, ya ji kamar za a cire masa haƙori. Roƙon Hajiya tabarma ce kawai aka shimfiɗa masa ya zauna. Mutumin da ya shekara talatin yana zana gidaje ba kowa a ciki, ranar da aka ce ya zaɓa tsakanin gida da na cikinsa, gidan ya fara gani.

Ya zauna ya yi zanen, kuma duk wanda ya gan shi ya ce bai taɓa yin kamarsa ba. Ta gabas ya ɗauko benen, da gangan, don kada a ce ya ɓoye wani gefe. Ya fitar da zankaye, ya fitar da taga da inuwarta, ya fitar da indararo har da tabon da ruwa ya bari a ƙarƙashinsa. Jan nan da ya daɗe yana nema, ranar ya same shi. Da ya zo wurin tsagar ya ɗaga siririn buroshin, ya riƙe shi a sama har fentin ya bushe a bakinsa. Sai ya ajiye, ya ɗauki mai faɗin, ya shafe bangon sumul. Ya naɗe zanen a leda ya kai wa Alhaji Ashafa ana gobe za su shiga sansanin alhazai. A hanyar dawowa yana ta lallashin kansa cewa shi dai bai furta ƙarya da bakinsa ba.

Wannan 'yar mafakar ma ba ta daɗe ba. Bayan Babbar Sallah aka sake kiransa a waya, muryar Abdulrahman har rawa take don murna.

"Kai, gwanin zane! Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na nuna wa duk 'yan Kanon da ke nan. Ka ga, gani ya kori ji. Nusaiba ta tayar min da hankali a banza. A bar shi kawai, in na dawo baɗi da kaina ma ga abin da za a yi. Ba wata matsala dai ko?"

Maharazu ya kalli bangon falon Alhaji Ashafa. Ya ce, "Sai ɗan yaɓe."

"To ka sa a yi mana, don Allah. Na bar maka amanar Hajiya."

Ba a yi sati ba ya yi kiciɓis da Nusaiba a bakin lungu, ta fito daga wurin uwarta. Ƙanwa ce a wurinsa, a gabansa ta girma, ba ta taɓa wuce shi ba ta rusuna ba. Ranar ma ta rusuna.

"Yaya Maharazu, an ce gidanmu garau yake."

"Za a yi masa gyara, in sha Allahu."

"Na ce Hajiya ta zo wurina ta yi damina, in ruwa ya ɗauke ta dawo. Ta ce ina za ta, ɗan magini ma ya duba ya ce lafiya." Ta gyara mayafinta. "Ni dai ba karatun gini na yi ba. A gaida uwargida Luba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Gaskiya ya yi niyyar gyaran, kada a zalunce shi a nan. Ya je har Dukawuya ya nemo wani tsohon magini, sa'an ubansa, ya kawo shi. Tsohon ya duba, ya buga, ya tofar da goro ya ce wannan ba aikin yaɓe ba ne, sai an fitar da mai gidan an sauke bangon gabas har ƙasa, kuma ɗan Audu ya fi kowa sanin haka, don me ya wahalar da shi? Sauke bango kuwa ba ya yiwuwa sai an gaya wa Abdulrahman, in aka gaya masa kuma sai a ce ina zanen da aka aika? Kunya ta hana Maharazu yin haka. Ya sallami tsohon, ya samo leburori biyu, suka cusa wa tsagar ƙasa suka shafe ta da yaɓe. Abin da ya yi a takarda, shi ya maimaita a jikin bangon. Hajiya ta yi ta sa masa albarka, har da aiko masa da alkaki cike da kwano.

Aka rantsar da farar hula, gari ya ɗauki murna. Waɗanda suka ci suna son kyallen godiya, masu neman kwangila suna son na taya murna, Maharazu ba ya ɗaga kai daga fenti. Kullum yana cewa bari wannan guguwar ta lafa ya kira Jidda ya faɗi gaskiya. Kullum kuma gobe. In hadari ya haɗu a gabas sai ya bar aiki ya fito bakin shagonsa yana leƙen ƙarshen lungu. Ruwan farko ya zo ya wuce, benen yana tsaye. Na biyu ma haka. Har ya fara ce wa kansa wataƙila shi ne ya cika tsoro, ginin mutanen da ai ba irin na yanzu ba ne.

Sai marka ta kama a watan Agusta. Ba ruwa mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan ne da ba ya ɗaukewa, wanda ke shiga ƙasa a hankali har tabarma ta yi laima a ɗaki. Bayan azahar yana shago yana rubuta wa wani sabon kansila allo, ya ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi yadda mutum zai zata, kamar an sauke babban buhu ne daga mota. Sai salatin mata ya biyo baya. Bai tambayi kowa ko ina ne ba, ya jefar da buroshi ya ruga.

Bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi. Maza suka taru da shebur da faranti da hannu. Maharazu ne ya nuna inda za a tona, don ya san inda gadon yake da inda take shimfiɗa darduma, kuma shi ya fi kowa tono, har faratansa suka fashe bai ji ba. A kan dardumar suka same ta. An yi gaggawar kai ta asibiti, amma kafin la'asar an dawo da ita a rufe. A wurin jana'iza mutane suna nuna hannayensa suna cewa ka ga ɗan halak, ko ɗan cikinta iyakar abin da zai yi ke nan.

Abdulrahman ya iso ana zaman makoki. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren Alhaji Ashafa saboda ruwa. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi yadda abin ya faru, sai Abdulrahman ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da zanen, yana nan a ledarsa, ya miƙa.

"Ku duba. Bana-banan nan aka yi shi. Ko alama babu."

Zanen ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Tsofaffi suna matso da shi kusa da ido, suna girgiza kai. Ikon Allah. In kwana ya ƙare ko a gidan ƙarfe kake. Dubi bango kamar yau aka gama shi. Maharazu yana zaune a kusurwa, kansa a ƙasa, kowace kabbara aka yi sai ya ji ta a bayansa. Bai taɓa tsanar wani abu da hannunsa ya yi ba kamar wannan 'yar takarda. Ya so a ce wani ya tashi ya nuna shi da yatsa, ko tsohon nan na Dukawuya ya shigo ya faɗi abin da ya gani. Ba wanda ya tashi.

Da mutane suka ragu bayan la'asar, ya matsa kusa da abokinsa.

"Abdulrahman, akwai maganar bangon nan da nake so..."

"Bari, mutumina." Abdulrahman ya dafa masa gwiwa. "Kada ka ɗora wa kanka. Ka duba, ka sa an yi yaɓe, ka tono ta da hannunka. Me ya rage? Ni da ta haifa ina can ina auna yadi." Ya share ido da hannun riga. "Abu ɗaya nake roƙo. Gidan ya tafi, wannan ne kawai ya rage mana. Gwaggonnina kowa tana so, 'yan uwan Baba ma haka, har na Jidda. Ka yi mana irinsa, kowa ya samu nasa kafin sadakar arba'in. Kamar wannan sak, kada ka canja komai."

Da ya ƙara kalma ɗaya da ya faɗa. Ya kalli mutumin da ya rasa uwa yana neman abin riƙewa, ya ga in ya yi magana har wannan zai ƙwace masa. Ko kuwa tsoro ne ya sake samun tabarmar zama? Shi kansa bai iya rabewa ba. Ya ce to.

Haka ya zauna yana zana benen Hajiya Mabruka, ɗaya bayan ɗaya, alhali a ƙarshen lungu ana kwashe ƙasarsa a baro. Kowanne sai ya zo bangon gabas, kowanne sai ya shafe shi sumul. Matarsa Luba ta ga tuwo yana dawowa yadda ta kai shi, ta tambaya, ya ce warin fenti ne. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Aka yi sadaka, aka raba zanen, dangi suna ta yaba hannunsa. Abdulrahman ya koma Jidda bayan ya bar sallahun a fara yin bulo.

Nusaiba ce kaɗai ba ta karɓi nata ba a wurin rabon. Sai bayan an watse da kwanaki ta zo shagon da hantsi, ta yi sallama, ta rusuna ta gaishe shi kamar kullum. Ya amsa bai ɗago ba. Ya jawo nata daga cikin kwali ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ya yi kyau, Yaya Maharazu," in ji ta. Ta ajiye shi a kan tebur, ta tura masa da yatsa. "Amma ni nawa ka sa min tsagar."

Ƙarar masu buga bulo tana tasowa daga ƙarshen lungu. Ta ja benci ta zauna, ta harɗe hannu a kan cinya, alamar ba inda za ta.

Ya ɗauki siririn buroshin, ya tsoma a ruwa, ya taɓa baƙi kaɗan ya haɗa da ja. Bai tambaye ta daga ina tsagar ta fara ba. Ya sa bakin buroshin a gindin bango daidai bakin kwata, ya hau a karkace, ya ɗan karya inda ta karya, ya bi ta ƙarƙashin taga, ya tsaya dab da indararo. Ko sau ɗaya bai ɗaga hannu ya yi tunani ba, kuma tana kallonsa.

Nusaiba ta jira ya bushe. Ta ɗauka, ta duba daga ƙasa har sama.

"Haka take," ta ce. "Ashe ka gan ta da kyau."

Ta sa zanen a cikin mayafinta, ta yi masa sai an jima, ta fita.